Ramen ɗin Japan ko kalguksu na Koriya?

In ka shiga irin gidan abincin nan mai taliyar Japan da Koriya, ka tambaya kafin ka yi odar ramen, wato taliyar Japan mai romo. Shi tonkotsu, wani nau'in ramen da aka fi dangantawa da birnin Fukuoka na Japan, romon ƙashin alade ne da aka daɗe ana tafasawa har ya yi fari, naman da suke ɗorawa sama ma yawanci alade ne, ko romon kaza aka ce maka ka sake tambaya. Kalguksu kuwa da wuƙa ake yanka taliyar, romon sau da yawa na busassun ƙananan kifi ne, ba maiƙo sosai, ga kimchi, wato kabejin da aka tsima, a gefe mai yaji da tsami. Ni dai kalguksu zan ɗauka gaskiya, duk da ramen ya fi riƙe ciki.