Ɗakin gaggawar da ya karɓi autana ranar da ruwan zafi ya ƙona shi

Duk mazaunin Jos ya san sanyin Disamba, ba mai wanka sai an dafa ruwa. Da ƙarfe 6 na safe autana, ɗan shekara 3, ya jawo tukunyar ruwan wanka ta kife masa a ƙirji da hannun dama. Maƙwabta suka cika gidan, wannan ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta ce a shafa manja ko makilin. Allah ya taimake ni ban shafa komai ba, ruwan famfo na yi ta kwarara masa. Kafin mu samu Keke Napep daga Unguwar Rogo mu isa wani asibitin kuɗi ta wajen Bauchi Road, takwas ta yi.

Tambayar farko da likitan ya yi min ita ce: "Maman yaro, ƙarfe nawa ya ƙone?" Raina ya ɗan ɓaci, ina ganin yaro na ihu ana tambayar agogo. Ashe lissafin ƙarin ruwa daga lokacin ƙunar ake fara shi.

Nan ne suka burge ni. Suka ɗora shi a sikeli, kilo 14. Suka auna ƙunar da tafin hannunsa, wanda likitan ya ce da yatsun yana kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa, ta kama kashi 15. Ya zauna ya yi min bayani da Hausa: idan ƙuna ta yi faɗi, ruwan jini yakan tsiyaye daga jijiyoyi ya taru a nama, jiki ya kumbura alhali cikin jijiya ya ƙafe, ƙoda kuma ta fara wahala. Yaro da zarar ƙunarsa ta wuce kashi 10 sai an sa masa ruwa ta jijiya. A gabana ya buga lissafin da suke kira Parkland: mililita 4 sau kilo 14 sau 15, ya ba da mililita 840 na ruwan jijiya mai suna Ringer's lactate a awa 24. Rabi, wato 420, dole ya shiga cikin awa 8 na farko, mu kuwa mun riga mun cinye biyu a hanya, saura shida. Suka haɗa masa da wani ruwan mai sukari, don ƙananan yara sukarinsu na saurin faɗuwa.

Sista mai aikin dare, Allah ya saka mata da alheri. Sun sa masa robar fitsari, kowace awa tana zuwa ta duba ta rubuta. Ta ce min mililita 14 take nema a awa, ɗaya kan kowane kilo. Da ya ragu ta kira likita aka ƙara gudun ruwan, da ya daidaita aka rage, don yawan ruwan ma na iya taruwa a huhu. Ni ma na koma leƙen ledar fitsari kamar mai gadin dukiya.

Inda suka gaza shi ne wajen biyan kuɗi. Na'urar POS ɗinsu ta ƙi aiki, mai gidana ya sha yawo neman tsabar kuɗi kafin a ba mu kayan wankin ciwo. Ruwan dai ba su jira kuɗi ba suka ɗaura. Ɗakin kwanciyar ma akwai sanyi, sai da na roƙa aka ƙaro bargo, alhali yaron da ya ƙone ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa.

Kwana 12 muka yi. Yanzu duk Talata muna komawa wankin hannun, ƙirjin kuwa ya rufe.