Keken lantarki: injin taya ko injin tsakiya, wanne ya dace da hanyarka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu zirga-zirga a cikin gari suka fara waiwayar keken lantarki. Yawancin masu saye kan tsaya a tambayar watt nawa ne injin, alhali inda aka dasa injin ya fi adadin watt tasiri a kan yadda keken zai yi maka aiki da kuma abin da zai ci maka a wajen gyara.

Injin taya yana zaune ne a cibiyar taya, galibi ta baya, yana juya ta kai tsaye. Ba ruwansa da sarƙa ko giyar keken. Iri biyu ne. Akwai mai ƙananan giya a cikinsa, wanda ba shi da nauyi sosai, yana da kuzari wajen tashi, kuma idan batir ya ƙare za ka tuƙa da ƙafa ba tare da ya riƙe ka ba. Akwai kuma babba mai faɗi marar giya, wanda ba ya ƙara kuma yana daɗewa domin kusan babu abin da ke gogar juna a cikinsa, sai dai yana da nauyi kuma ba shi da kuzari a ƙaramin gudu. Ga mai yawo cikin gari, na farkon ya fi.

Injin tsakiya kuwa yana wurin feda. Sarƙa yake ja, don haka yana cin moriyar giyar keken kamar yadda ƙafarka take yi. Wannan tsari ne Yamaha ya fito da shi a keken PAS a Japan a 1993, kuma shi ne yau Bosch da Shimano suka shahara da shi.

A hawan tudu ake ganin bambancin. Injin lantarki yana son ya riƙa juyawa da sauri. Idan tudu ya rage gudun keken, injin taya ma dole ya rage, sai wutar da yake sha ta koma zafi maimakon tafiya, kuma a doguwar hawa da kaya a rana mai zafi yana iya ƙonewa. Na tsakiya, da ka sauko da giya, zai ci gaba da juyawa yadda yake so ko da keken rarrafe yake yi. Ƙarfin murɗawar injin tsakiya na Shimano EP8 ya kai Nm 85 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), yayin da yawancin injunan taya na kekunan gari suke tsakanin 40 da 60. Wanda ke zaune a Jos ko wasu unguwannin Abuja masu hawa da gangara, ko mai ɗaukar kaya masu nauyi kullum, zai ji wannan bambanci tun ranar farko. Nauyin injin tsakiya kuma yana ƙasa, a tsakiyar keken, shi ya sa ya fi daɗin sarrafawa a hanya mai gargada.

Amma Kano da Maiduguri da Maraɗi shimfiɗaɗɗun garuruwa ne, kuma a nan ne nake ganin kuɗin injin tsakiya ba ya biyan kansa. Ya fi tsada a saye, sannan duk ƙarfinsa ta sarƙa yake bi, sarƙar da aka ƙera don ƙarfin ƙafar mutum. Ita da haƙoranta suna saurin cinyewa, balle ƙurar hunturu ta haɗu da man sarƙa. Sai ka koyi sassauta feda lokacin sauya giya, kuma ka sauko da giya kafin ka tsaya. Ranar da sarƙa ta tsinke, injin ba shi da abin ja, sai turawa. Mai injin taya da totur zai isa gida ko babu sarƙa.

Injin taya ma yana da nasa ciwon kan. Idan ƙaya ta huda tayar baya, cire ta aiki ne: akwai wayar wuta da ke fitowa daga ƙarfen tsakiya, kuma mai facin da bai saba ba yana iya murɗe ta ko ya tsinka. Ka tsaya a kansa, ka nuna masa inda ake zare mahaɗin wayar kafin ya taɓa noti. Wayoyin da ke riƙe da tayar ma suna saurin sakewa saboda nauyin injin, a riƙa ɗaure su. Injin da ke tayar gaba kuwa ba na ba da shawararsa, domin yana sulɓi a yashi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar gyara. Keken Bosch kulle yake: batirinsa kawai yake karɓa, kuma binciken matsalarsa sai dillalin da ke da manhajar kamfanin. Wanda ya sayi na hannu daga Turai saboda araha, ranar da batir ya mutu zai iya ajiye lafiyayyen keke a zaure. Injin taya kuwa da akwatin da ke sarrafa wutarsa da totur duk ana sayensu ɗai-ɗai, kuma mai gyaran kayan wuta zai iya sauya su. Idan hanyarka ta tilasta maka injin tsakiya, duba na Bafang, kamfanin Sin da ke Suzhou. Samfurinsa BBS02 ana ɗaura shi a kan keke na yau da kullum, yana aiki da batirin kowane kamfani muddin ƙarfin wutar ya dace, kuma kayan cikinsa ana samunsu a intanet.

Kafin ka biya, ka hau ka gwada yadda injin ke amsa feda. Wasu suna lura ne kawai da ko feda na juyawa, sai su ɗan yi jinkiri sannan su fizge ka, abin da ke da haɗari a cunkoson kasuwa. Wasu kuma suna auna ƙarfin takunka su ƙara maka daidai gwargwado. Yawancin injunan tsakiya masu tsada irin na biyun ne, amma BBS02 irin na farko ne, kuma akwai kekuna masu injin taya da ke da na biyun.

Sannan ka duba batir, domin yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin keken. Ninka lambar V da ta Ah da ke rubuce a jikinsa, ka samu Wh, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka: 36 sau 10 ya ba da Wh 360, 48 sau 13 kuma Wh 624. Da wannan za ka gwada keke da keke, ba da nisan da mai kanti ya ambata ba. Ka tambaye shi kuɗin sabon batir da inda ake samunsa tun kafin ka ciro kuɗinka.