Sharhi kan faifan farko na Black Sabbath, wanda aka naɗa a yini guda

Faifan da nake son yin magana a kansa shi ne na farko da ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath ta fitar, wanda aka laƙaba masa sunan ƙungiyar kanta, kuma kamfanin Vertigo ya sake shi a Birtaniya ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1970. Na sayi sabon bugunsa na faifan garmaho, na saurare shi da lasifika a ɗaki, na kuma saurare shi da abin sawa a kunne domin in ji abin da lasifika ke haɗiyewa. Ra'ayina shi ne fuskar farko ta faifan ta cancanci duk yabon da ake yi mata, fuska ta biyu kuwa ba ta kama ƙafarta ba, kuma hanyar da aka bi aka naɗa shi ce ta haifar da ƙarfin da raunin gaba ɗaya.

Samari huɗu ne daga unguwar Aston ta birnin Birmingham, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu: Tony Iommi mai gita, Geezer Butler mai gitar bas, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mai waƙa. Da farko sunansu Earth, suna kiɗan blues, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, a ƙananan gidajen rawa na Ingila da Jamus, har da Star-Club na Hamburg, inda ake sa ƙungiya ta hau dandali sau da dama a dare ɗaya. A 1969 suka sauya suna saboda akwai wata ƙungiyar mai suna Earth, suka aro na wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Tunaninsu shi ne, tunda mutane na biyan kuɗi a silima don a tsorata su, kiɗa ma zai iya yin wannan aikin.

Wanda bai san labarin hannun Iommi ba ba zai gane dalilin da ya sa gitarsa ke fita haka ba. Yana ɗan shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, shi kuwa bahago ne, wato da wannan hannun yake danne tsirkiya. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya liƙa mata fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi don rage zafi. Wannan ya sa ya karkata ga gajerun jimlolin kiɗa masu nauyi da ake maimaitawa, kuma a kan irinsu aka gina abin da daga baya aka kira hebi metal.

An naɗa faifan ne ranar 16 ga Oktoba 1969 a sutudiyon Regent Sound da ke Landan, Rodger Bain na jagorantar aikin, cikin kimanin awa 12. Kusan komai tare suka kaɗa shi kamar suna gaban 'yan kallo, Ozzy na wani ɗan ɗaki daban yana rerawa a lokaci guda, sannan suka kama hanyar Suwizalan don wani wasa, aka tace sautin ba sa nan. Abin da aka ƙara daga baya kaɗan ne, irin ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawa da ke buɗe faifan, da wasu wuraren da aka ninka gita. Kunne na jin wannan gaggawar sarai. Akwai sarari tsakanin kayan kiɗan, babu tarin sautin da ke danne juna, kuma ana jin mutum huɗu na sauraron junansu suna amsawa. Dogayen dararen Hamburg ne suka ba su damar yin haka, domin waƙoƙin sun riga sun zauna a hannunsu tun kafin su shiga sutudiyo.

Waƙar farko, mai sunan ƙungiyar, ita kaɗai ta isa dalilin sayen faifan. An gina ta a kan sauti uku kacal, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce wadda makaɗan Turai suka daɗe suna gudu saboda yadda take tayar da hankali. Iommi na barin kowane sauti ya yi tsawo har ya fara rawa kafin ya sauke na gaba. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Bill Ward, wanda ba a cika ba shi haƙƙinsa ba: ya taso da sauraron jaz, saboda haka maimakon ya cika wurin da duka, sai ya riƙa zagaya kiɗan a hankali da manyan ganguna, yana jira, har lokacin da gitar za ta faɗo kamar gudumar maƙeri a kan uwar maƙera. Muryar Ozzy ba ta ƙwararren mawaƙi ba ce, amma tsoron da ke cikinta na gaske ne, kuma da aka ƙara gudu a ƙarshen waƙar sai a ji kamar wanda ake kora ya samu ƙafa. Waƙar "The Wizard" ta zo da hamonika, wani ɗan ƙaramin abin busa, a bakin Ozzy, tana tuna wa mai sauraro cewa daga blues suka fito, sai "N.I.B." wadda Butler ya buɗe shi kaɗai da bas. A lasifika mai kyau wannan wurin na ratsa ƙirji, a ƙaramar waya kuwa rabinsa ɓacewa yake yi.

Da aka juya faifan sai ƙarfin ya ragu. "Evil Woman" waƙar wata ƙungiyar Amurka ce mai suna Crow, kuma ana jin cewa neman shiga rediyo ne ya kawo ta. "Warning", wadda ita ma aro ce daga ƙungiyar Aynsley Dunbar, ta haura minti goma, mafi yawanta Iommi ne ke yawo da gita shi kaɗai. A gidan rawa da tsakar dare wannan na da amfani, amma a faifai yana gajiyarwa. Bugun Amurka, wanda Warner Bros. ya fitar a watan Yuni 1970, ya cire "Evil Woman" ya sa "Wicked World" a gurbinta, kuma a ganina an yi daidai.

Masu sharhin jaridu na lokacin ba su yi wa faifan da daɗi ba. Lester Bangs ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa kwaikwayon ƙungiyar Cream ne, kuma ya fi muni. Idan fuska ta biyu yake nufi, yana da ɗan gaskiya, amma ya kasa jin cewa fuskar farko sabon abu ne da babu irinsa a kasuwa. Matasan da suka ga ƙungiyar a dandali su ne suka ɗaga faifan har ya kai na 8 a jerin ciniki na Birtaniya, ya kai na 23 a Amurka. A watan Satumba na shekarar faifansu na biyu, Paranoid, ya fito ya hau na ɗaya a Birtaniya. Ita kanta Rolling Stone a 2017 ta sa wannan faifan na farko a matsayi na 5 cikin faifan hebi metal 100 da ta ce sun fi kowanne.

Akwai batun da bai kamata in tsallake ba, domin na san zai dami masu karatu da yawa. Hoton bangon, wanda aka ɗauka a tsohon injin niƙa na Mapledurham a bakin kogin Thames, na nuna mace cikin baƙaƙen kaya, kuma a cikin bugun farko an zana gicciye a kife, abin da ƙungiyar ta ce kamfani ne ya yi ba da saninta ba. Wannan ya jawo musu zargin bautar Shaiɗan shekara da shekaru. Waƙar farko dai labarin mutum ne da ya firgita da Shaiɗan yana neman agajin Allah, kuma Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocin ƙungiyar, ya tashi ne a gidan Katolika masu riƙo da addini. Duk da haka "N.I.B." da bakin Iblis aka rera ta, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba yana da hujjarsa ta barin faifan.

Ga mai son sanin inda wannan kiɗan ya samo asali, ina ba da shawarar ya nemi bugun da ya haɗa "Evil Woman" da "Wicked World" duka, kamar yadda ake samu a wasu bugun CD, ya kuma saurare shi da na'urar da ke fitar da bas sosai. Tsawonsa bai kai minti 40 ba a bugun Birtaniya, kuma kimanin minti 20 na farko su ne zai fi yawan komawa gare su.