Wasiƙa daga Jojiya: Yaya, nan fa babu INEC

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙonka na murya ya iso, har da dariyar da ka yi a ƙarshe da ka ce in turo maka sunan shugaban INEC ɗin Amurka ka auna shi da namu. Na so in mayar maka da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Kuma na san halinka, mutumin da ya yi malamin zaɓe sau uku ba zai karɓi amsar sama-sama ba.

To babu shi, Yaya. Babu shugaban, babu hukumar. A Washintan akwai wata hukuma mai sa ido kan kuɗin kamfe, akwai wata kuma da aka kafa a 2002 bayan rikicin ƙirgar Filorida na 2000, wanda Bush ya tsallake da ƙuri'a 537 kacal. Ita wannan ta biyun aikinta ba da shawara da gwada na'urori, ba ta buga takardar ƙuri'a, ba ta ƙirga ko ɗaya. Tsarin mulkinsu cewa ya yi majalisar kowace jiha ita ke tsara lokaci da wuri da yadda za a yi zaɓen 'yan majalisar tarayya, amma majalisar tarayya na iya yin doka ta gyara. A kan wannan "amma" ɗin ake ta dambe har yau. Aikin da kuke yi a rumfa kuwa, gunduma ce ke yin sa, wato kamar ƙaramar hukuma a wajenmu. Jihar Jojiya da nake zaune kaɗai gundumominta 159, kowacce da ofishin zaɓenta.

Saboda haka hidimar da mai zaɓe ke samu ta danganta da inda ya kama haya. Wani abokina direban tirela da ke Oregon bai taɓa ganin layin zaɓe ba, ta gidan waya ake aiko masa da takardar, ya cike a kan teburin cin abinci, ya sa hannu a bayan ambulan, ya mayar. A Dakota ta Arewa ko rajistar masu zaɓe ba a yi, katin shaida kawai za ka nuna. A wani gari da ke Marilan, Takoma Park, har wanda bai zama ɗan ƙasa ba yana zaɓen magajin gari. Mu nan Jojiya sai da rajista, sai da kati mai hoto. Shugaban ƙasa ɗaya ake zaɓa, amma kowa da ƙofar da yake shiga.

Bari in ba ka labarin nawa zaɓen na 2024, don shi ne na farko tun da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. An buɗe zaɓen wuri ranar 15 ga Oktoba, mako uku kafin ainihin ranar, kuma a wannan rana ta farko kaɗai sama da mutum 300,000 suka jefa ƙuri'a a jihar. Ni na je ranar Alhamis bayan na tashi daga aiki, a ɗakin karatu na unguwarmu. Ba soja, ba shingen 'yan sanda, ba a hana zirga-zirga ba, kantin da ke tsallaken titi yana ta cinikinsa. Dokar tarayya ma ta hana a girke sojoji a wurin zaɓe. Malaman zaɓen yawancinsu tsofaffin mata ne 'yan fansho na unguwar, ɗaya daga cikinsu ma ina ganinta tana yawo da karenta da safe. Ta karɓi lasisin tuƙina, ta haska shi a wata 'yar na'ura, na sa hannu da yatsa a kan gilashi, ta miƙo mini wani kati kamar na ATM. Na zura shi a injin, na taɓa sunayen da nake so, injin ya tofo takarda. Na tsaya na karanta ta sau biyu, ka san mu da rashin yarda, sannan na zura ta a wani injin da ke haɗiye ta cikin akwati mai kulle. Aka manna mini 'yar takarda mai hoton ɗan itacen da jihar ke taƙama da shi. Ba tawada a ɗan yatsa. Minti ashirin da 'yan kai na dawo mota, ina ta jin kamar na manta wani abu.

Abin da na manta ashe shi ne "a kasa, a tsare, a raka". Ba wanda ya tsaya. Kowa ya jefa ya kama gabansa.

Sai dai kada ka ɗauka komai sumul ne. Kafin wannan rana, bayan na yi rajista, wasiƙa ta zo cewa bayanan da ke hannunsu ba su nuna ni ɗan ƙasa ba ne, domin lasisina na karɓe shi tun ina kan girin kad, wato katin izinin zama na baƙo. Sai da na ɗauki rabin yini ba albashi, na kai musu takardar zama ɗan ƙasa, matar ta juya ta gaba da baya, ta yi ta kallon yadda aka rubuta Muhammad a nan da Mohammed a can. Na ce mata duk ni ne. An dai gyara. Kuma akwai wata doka da jihar ta yi a 2021 da za ta ba ka dariya: laifi ne ka miƙa wa mai bin layi ruwa ko abinci in kana cikin tazarar ƙafa 150 daga ginin. Masu dokar sun ce don kada a sayi ƙuri'a da kyauta. Na tuna rumfarmu ta firamare, mai fiya wata a nan, mai awara a can, ga masu raba taliya da sabulu a bayan aji, na ce da a gida ne da rabin unguwa sun kwana a caji ofis.

Yanzu ga inda rigimar take. 'Yan Rifablikan sun kawo wani ƙuduri da suke kira SAVE, wanda ya ce duk mai son yin rajistar zaɓen tarayya sai ya kawo takardar da ke tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, fasfo ko takardar haihuwa ko irin tawa. A halin yanzu rantsuwa kake yi a kan fom, in ka yi ƙarya kuma ɗauri ne, baƙo kuwa har kora daga ƙasa, kuma tun 1996 akwai dokar tarayya a kan haka. Ƙudurin ya wuce majalisar wakilai a Yulin 2024, ya sake wucewa a Afrilun 2025 da ƙuri'a 220 da 208. A majalisar dattawa kuwa sai an sami 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, su kuma 53 suke da su. Trump bai jira ba, a Maris na 2025 ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai ɗauke da irin wannan sharaɗi. Alƙalan tarayya suka dakatar da wannan ɓangaren, hujjarsu kuwa ita ce tsarin mulki ya ambaci jihohi, ya ambaci majalisa, bai ambaci shugaban ƙasa ba.

Da na fara jin ƙudurin, wallahi ban ga aibinsa ba. Mu da muka saba da ɗaukar hoton yatsu goma kafin a ba mu katin zaɓe, sannan na'urar BVAS ta sake duba fuska, mene ne abin tayar da jijiyar wuya don an ce ka kawo takarda? Sai da na duba farashi. Nan babu katin ɗan ƙasa guda ɗaya da kowa ke riƙe da shi. Lasisin tuƙi a yawancin jihohi ba ya nuna kai ɗan ƙasa ne, tunda ni ma na yi shekaru da nawa ina baƙo. Fasfo na farko dala 165 ne, kuma Amurkawa da yawa ba su taɓa yin sa ba don ba su taɓa fita ba. Takardata ta zama ɗan ƙasa in ta ɓace, sake ta ya haura dala 500, ban da watannin jira. Shi ya sa take cikin akwatin da Maman yara ke ajiye sarƙoƙinta. Sannan an taɓa gwada abin a Kansas daga 2013, ya tare rajistar mutum sama da 30,000, kotu ta soke shi a 2018 bayan an kasa nuna baƙi masu yawa da suka yi rajista. A nan Jojiya ma an tace rajistar a 2024, cikin mutum miliyan 8.2 aka sami 20 da ba 'yan ƙasa ba. Ana neman kashe sauro da taɓarya.

Wadda ta ƙara buɗe mini ido maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa baƙar fata haifaffiyar Alabama, mai kawo wa yara biskit duk Kirsimeti. Ina yanke mata ciyawa wani Asabar muka shiga hirar. Ta shiga ciki ta fito da takardar haihuwarta, ta yi ja saboda tsufa, ta ce in karanta sunan. Sunan mahaifinta ne a jiki. Lasisinta kuma sunan mijinta na biyu. Ta ce to in an ce ta sake rajista, sai ta nemo takardun aure biyu da takardar saki ɗaya, daga gundumomi daban-daban. Na ce mata ai kuwa gara a bar wa jihohi abinsu. Sai ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, ɗana, ka yi hankali da wannan kalmar. Ta ce da sunan ikon jiha aka hana mahaifiyarta zaɓe, da jarrabawar karatu da harajin ƙuri'a, har sai da gwamnatin tarayya ta shigo da dokar 1965 bayan dukan da aka yi wa masu tattaki a Selma. Ƙarƙashin wannan doka, jihohi irin su Alabama da Jojiya ba sa iya canza ko wurin rumfa sai Washintan ta amince, har zuwa 2013 da Kotun Ƙoli ta warware wannan igiyar. Ita a wajenta tarayya ce ta taɓa zama mai ceto, yau kuma tarayyar take tsoro.

Su 'yan siyasar kuwa, Yaya, irin namu ne sak. A 2021 da 'yan Dimokurat ke riƙe da majalisa, sun kawo nasu babban ƙudurin da zai tilasta wa kowace jiha zaɓen wuri da zaɓe ta gidan waya da rajista kai tsaye. 'Yan Rifablikan suka ce tarayya na son ƙwace zaɓe, suka kashe shi a majalisar dattawa da wannan ƙa'ida ta 60. Yau an juya waina, masu kukan jiya su ke cewa a yi doka ɗaya daga sama, masu dokar jiya su ke karanto haƙƙin jihohi. Duk wanda ya hau kujerar Washintan sai ya ga ashe ikon tarayya abu ne mai kyau.

Abu ɗaya da ya sa har yanzu nake ɗaga wa tsarin nan hula ya faru ne a jihar nan. A 2020 Biden ya ci Jojiya da ratar ƙuri'a 11,779. Aka sake ƙirga takardu kusan miliyan 5 da hannu, aka sake da inji, sakamakon bai juya ba. Ranar 2 ga Janairun 2021 Trump, yana shugaban ƙasa, ya kira sakataren jihar, Brad Raffensperger, wanda shi ne babban jami'in zaɓe kuma ɗan jam'iyyarsu, ya ce ya nemo masa ƙuri'a 11,780. Mutumin ya ce masa alƙaluman da yake riƙe da su ba daidai ba ne. Shugaban ƙasa ba shi da ikon tsige shi, don ba shi ya naɗa shi ba, gwamna ma ba shi ya naɗa shi ba, jama'ar jiha ne suka zaɓe shi. Majalisar jiha ta huce haushinta ta cire shi daga shugabancin kwamitin zaɓe, amma a 2022 ya sake cin kujerarsa. Ka kwatanta da namu, inda shugaban ƙasa ke naɗa shugaban INEC da kwamishinonin jihohi duka.

Na san abin da za ka ce, kuma na riga ka. Kada wani ya karanta wannan ya ce a miƙa wa gwamnoninmu zaɓe. Mun ga samfurinsa. A Janairun 2021 APC ta lashe ƙananan hukumomin Kano 44 cif, a Oktoban 2024 NNPP ta lashe 44 cif, mutanen dai su ne, abin da ya canza shi ne mai zama a gidan gwamnati. Da duk abin da ya faru da IReV, shafin INEC na ɗora sakamako, a daren 25 ga Fabrairun 2023, da inkwankulusib ɗin 2019, ni dai in za a ba ni zaɓi a gida, INEC zan ɗauka a kan hukumar zaɓen kowace jiha. Abin da zan so mu kwaso daga nan ƙanana ne: kwanakin zaɓe su fi ɗaya, a daina kulle gari, sannan mai riƙe da akwati ya zama wanda mai neman ƙuri'a ba zai iya korarsa ba.

Wani abin haushi kuma, ina nan ina zaɓen shugaban Amurka har da alƙalin gunduma da shugaban 'yan sandanta, amma ƙasar da aka binne cibiyata ba ta yarda in jefa ƙuri'a daga waje ba. Katina na nan a durowar ɗakin Inna, cikin ambulan ɗin takardun makaranta. Don Allah ka duba mini ko gara ba ta taɓa shi ba.

Maganin ciwon gwiwar Inna na saya, kwalba biyu, zan ba wani ɗan Zariya da zai taho ƙarshen wata. Ka gaishe da Anti da yara, ka ce wa Abba takalmin ƙwallonsa sai ya turo lambar ƙafarsa tukuna.

Ƙaninka.