Yadda ake duba zuciyar ɗan kwikwiyo a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ga bayanin da ka nema kan asibitin dabbobin da nake aiki a Manchester, tunda kai mai karnukan farauta ne.

A nan ɗan kwikwiyo yana kai wajen sati 8 ake kawo shi rigakafin farko, kuma tun 2016 doka ta wajabta a saka masa ɗan ƙanƙanin abin shaida a ƙarƙashin fata. Kafin allura likita sai ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ɗakin ya yi tsit. Wani lokaci tsakanin bugun zuciyar ana jin wani ɗan huci, shuu, shuu. Ana auna ƙarfinsa daga 1 zuwa 6. In mai taushi ne, 1 ko 2, kwikwiyon kuma yana ci yana wasa, ba a ba shi magani. Sai dai a sake saurare a rigakafi na gaba, domin irin wannan yakan ɓace kafin wata 6.

In kuwa hucin yana da ƙarfi, har hannu na jin karkarwarsa a ƙirji, sai a tura shi ga ƙwararren likitan zuciya a yi masa sikanin. Sau da yawa wata jijiya ce da ya kamata ta rufe bayan haihuwa ta ƙi rufewa. Ana toshe ta da tiyata ko ta cikin jijiyar cinya, kare ya rayu lafiya. Amma kuɗi, Yaya! Sikanin kaɗai ɗaruruwan fam ne, aikin kuma dubbai. Galibi inshora ba ta biyan ciwon da aka gano kafin a yi rajista, na ga mutane suna fita da hawaye saboda haka.

Abin da ya fi damuna da gida shi ne ƙarancin jini ma yana kawo wannan hucin, ga tsutsar ciki da kaska sun yi wa karnukanmu yawa. Ɗaga leɓen kwikwiyonka ka duba dasashi. In ya yi fari fat, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsa, a cire kaska, a saurari ƙirjinsa. In likitan ya ji abin da bai gamsu da shi ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya, kusa da kai.