Kayan ƙafa masu araha da na sa wa tsohuwar BMW ɗina a Sakkwato

Motar da nake magana a kanta BMW 328i ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1996, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba E36, wanda aka ƙera tsakanin 1990 zuwa 2000. Injinta mai silinda shida ne, lita 2.8, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma ta ɓangaren inji da giya ba ni da wani ƙorafi har yau. Ƙafarta ce ta gaji. Idan na taka birki da ƙarfi sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, idan na faɗa rami sai bayanta ya yi ta lilo bayan an wuce wurin, kuma a kowane shataletale sai ta kwanta gefe guda har wanda ke zaune kusa da ni ya nemi abin riƙewa.

Duk mai tsohuwar motar Jamus ya san inda farashin kaya ya kai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, don haka ba sai na yi dogon bayani ba a kan dalilin da ya sa cikakken saitin shakazoba na kamfanin Bilstein ya fi ƙarfin aljihuna. Kuɗin da na tanada sai na raba su gida biyu. Kashi na farko na ba bakanikena ya nemo robobin ƙafa, wato bushin na hannuwan gaba, da na sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, da kawunan tayarod. Kashi na biyu kuma, wanda shi ne mafi tsoka, na tura wa wani mai sayar da kayan mota ta intanet daga kudu, ya aiko min da saitin shakazoba huɗu da sifirin ɗinsu, irin masu zare a jiki waɗanda ake iya ɗaga mota ko a sauke ta da su. Ya tabbatar min da bakinsa, a saƙon murya wanda har yanzu yana cikin wayata, cewa an yi su ne musamman don wannan ƙirar, kuma akwai garanti a kansu.

Zan fara da abin da ya faranta min rai, domin haƙƙinsa ne a faɗe shi. Kayan kudu sun yi jinkiri a hanya, saboda haka robobin aka fara sawa su kaɗai, wannan kuwa ya ba ni damar sanin aikin da suka yi ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba. Da aka ciro tsohon bushin na hannun gaba na dama, bakaniken ya danna shi da babban yatsa sai ga robar tana marmashewa, ta tsattsage tun daga tsakiya har baki. Roba ba ta jure zafin da muke sha a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, balle a ce ta shekara kusan talatin tana shan sa tare da ƙurar hunturu. Abin da ya ƙara min yarda da mutumin nan shi ne bai ɗaure kusoshin da ke ratsa roba ba sai da ya sauke motar daga jek ta tsaya da nauyinta, domin idan aka ɗaure su taya na rataye, robar takan zauna a murɗe, ta mutu da wuri. Da wannan ɗan aiki kaɗai karkarwar sitiyari ta ɓace gaba ɗaya, motar ta daina bin son ranta idan aka taka birki, kuma kuɗin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na tura kudu ba.

Da saitin ya iso, kwalinsa babu sunan kamfani, babu takardar bayani, sai fenti mai sheƙi da ƙananan sifanu biyu na juya zaren. An sa su, motar ta sauka, ta yi kyau a ido, kuma gaskiya a kan lafiyayyar kwalta irin ta titin Ahmadu Bello na ji daɗinta ƙwarai. Ta daina kwanciya a kwana, hancinta na bin sitiyari nan take, har na fara gaya wa abokai cewa an dace da kaya masu sauƙi. Matsalar da na fara gani ita ce kunyoyin rage gudu na cikin unguwanni, musamman ta wajen Mabera, inda salansa ke gogar ƙasa ko da na hau su a karkace. Muka ɗaga zaren har ƙarshensa, amma duk da haka ba ta koma tsayinta na asali ba, kuma taurin ya kai matsayin da ko ƙaramin tsakuwa aka taka sai an ji shi a ƙashin baya. Duk wannan na ɗauke shi a matsayin abin da za a iya haƙuri da shi.

Abin da ba zan iya haƙuri da shi ba ya faru ne a hanyar Bodinga, ina ɗauke da kawuna za mu je ta'aziyya. Ramin da muka taka ba wani babba ba ne, irin wanda motocin haya ke wucewa a kansa ba tare da sun rage gudu ba, ni kuwa na ma riga na sassauta saboda dattijon da ke gefena. Sai muka ji ƙara mai ƙarfi daga baya, bayan motar ya yi tsalle ya ja gefe, sai da na riƙe sitiyari da hannu biyu kafin ta daidaita. Daga nan kuma sai bugu ya biyo baya a cikin but, duk motsin da taya ya yi sai an ji ƙarfe na dukan ƙarfe. Na gangara gefen hanya, na buɗe but, na ɗaga shimfiɗar da ke rufe bangon hagu, sai ga kan shakazoba ya ɓallo ya leƙo ciki, robar mazauninsa ta yage, farantin jikin motar kuma ya tsage daga noti ɗaya zuwa ɗayan. Da na leƙa ƙarƙashi, mai ya wanke jikin bututun har yana ɗiga a kan ƙasa. Kawu bai ce komai ba sai salati, amma na ga yadda hannunsa ke rawa a kan carbi, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai.

Abin da ya taimake mu shi ne yadda aka tsara bayan wannan mota. A gaba, shakazoba da sifirin a haɗe suke wuri guda, amma a baya kowanne da mazauninsa, sifirin na zaune a kan hannun ƙafa, shi kuwa shakazoba kansa na ɗaure a jikin but da noti biyu. Don haka motar ba ta durƙushe ba, muka juyo a hankali har gareji. Ta'aziyyar dai ba a je ba a ranar.

A garejin aka ciro na bayan duka biyu. Na hagu ya zubar da mansa kaf, ana tura shi yana shigewa babu wata turjiya. Na dama kuwa, wanda ake ganin lafiyarsa ƙalau, bakaniken ya kafa shi a ƙasa ya hau kansa da dukan nauyinsa, da ƙyar ya motsa. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wanga kaya ba don wagga mota anka yi shi ba, kuma ba don hanyarmu ba. Duk dukan da taya ta sha, jikin mota shi ka amsa tai." Bayanin nasa daidai yake da yadda abin ke aiki. Shakazoba mai ne a cikinsa, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, ta haka yake shanye girgiza ya mayar da ita zafi. Idan kafofin sun yi ƙanƙanta fiye da nauyin motar, ko kuma an gajarta tafiyarsa har ya riƙa kaiwa ƙarshe a kowane rami, to ƙarfin dukan ba shi da inda zai tafi sai mazaunin sama, kuma farantin da ya shekara kusan talatin yana aiki ba zai ɗauki wannan ba.

Na aika wa mai kayan hotuna da bidiyo, cikin ladabi, na tuna masa alkawarinsa. Da farko ya ce bakanikena ne bai iya sawa ba. Da na nuna masa cewa zaren da notunan duk suna daidai, sai ya koma ya ce hanyoyinmu ne ba su da kyau, alhali tun kafin na biya na gaya masa inda nake da irin hanyoyin da nake bi. A ƙarshe ya ce garantin ba ya aiki a kan kayan da aka riga aka ɗaura wa mota, maganar da bai taɓa ambata ba lokacin da yake neman kuɗina, kuma ban san yadda za a gane lafiyar shakazoba yana kwance cikin kwali ba. Da na mayar masa da saƙon muryarsa ya saurara, sai ya daina ɗaga wayata.

Gyaran ya ci abin da ban shirya masa ba. Mai walda ya ɗinke tsagar, aka ƙara farantin ƙarfafawa a saman mazaunin ɓangarorin biyu, aka sa sababbin robobin kai. Allah ya sa bakaniken bai yar da tsofaffin sifirin na asali ba, ya ɗaure su ya ajiye a bayan shago, kuma da aka jera su aka ga babu wanda ya karye ko ya zauna. Su aka mayar, tare da shakazoba na Sachs masu tsayin asali, waɗanda sai da na ci bashi kafin na haɗa kuɗinsu, sannan aka kai ta aka saita tayoyi. Yanzu motar tana ɗan kwanciya a kwana fiye da lokacin da take ƙasa, wannan ba zan musa ba, amma tana haye kunya ba tare da gogar ƙasa ba, tana shanye rami ta daidaita a motsi ɗaya, kuma a hanyar Kware, inda kwalta ke da tudu da kwari, tayoyinta na manne da ƙasa fiye da yadda suka taɓa yi da wancan saitin.

Na so a ce na yi wa kayan nan hukunci na tsaka-tsaki, in ce sun dace da wanda ba ya barin lafiyayyar kwalta, domin na ji daɗinsu na ɗan lokaci. Amma ranar da aka je saita tayoyi aka nuna min tayoyin baya, waɗanda ban daɗe da saye ba, gefensu na ciki ya cinye ƙwarai saboda karkatar da sauke motar ya jawo, alhali mai kayan ya rantse min cewa ba sai an sake saita tayoyi ba. Idan aka haɗa tayoyi biyu, da walda, da kuɗin aiki sau biyu, da bashin da ke kaina, arahar ta fi tsadar da na guje wa tun farko. Wani matashi mai irin motata ya zo gareji ya nemi sayen shakazoba biyu na gaba daga wancan saitin, tun da su ba su zubar da mai ba, na ce masa ba na sayarwa ba ne, na kuma buɗe but na nuna masa ɗinkin waldar. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, mai kayan bai mayar min da ko naira ɗaya ba.