Zaɓen Sabon Maɗaukin Sauti ga Jitar Lantarki Don Kiɗan Bulus-Rok

Duk wanda ya sayi jitar lantarki mai sauƙin kuɗi a Jidda ko Riyad, ya kuma dage da koyon bulus-rok, salon da ya haɗa kiɗan bulus da na rok, akwai ranar da kunnensa zai fi jitarsa ƙwarewa, ya ji sautin ya yi masa siriri ko ya dagule da zarar ya ƙara ƙarfi. A nan ne hankali ke komawa kan maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai aka ajiye ƙarƙashin tsirkiya. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, amfilifaya kuma ta mayar da ita sauti. Yawan naɗin da irin maganaɗisun su ne ke ba kowane maɗauki muryarsa.

Ra'ayina shi ne mai wannan kiɗa ya guji maɗauki mai ƙarfi da yawa. Bulus-rok kiɗa ne da hannu ke magana a cikinsa: a taɓa tsirkiya a hankali sautin ya fito garau, a dake ta ya yi gurnani, duk a cikin jimla guda. Maɗaukin da aka cika wa naɗi, irin DiMarzio Super Distortion mai maganaɗisun siramik da ya fito a farkon shekarun 1970, ko Seymour Duncan JB da awonsa, wato juriyar wayar naɗinsa ga wuta, ke kai wa kilo-om 16, yana tura amfilifaya ta dagule tun daga taɓawar farko, sai tazarar da ke tsakanin lallami da tsawa ta ƙuntata. Maɗaukai ne masu kyau a inda suka dace, amma ba su ne buƙatar wanda ke son yatsunsa su riƙe ragamar sautin ba.

Kafin a yi maganar suna, ramin da ke jikin jitar shi ne ke yanke rabin hukunci. Mai Stratocaster ko kwafinta yana da ramuka uku na maɗauki mai naɗi ɗaya, irin wanda Fender ta fito da shi a wannan jita a 1954, mai awo kusan kilo-om 6, mai murya tas kamar ƙararrawa. A nan zaɓin da aka fi ambata shi ne Fender Texas Special, wanda aka sanya a jitar da ke ɗauke da sunan Stevie Ray Vaughan a 1992. An ƙara masa naɗi, don haka tsakiyar sautinsa ta fi cika. Sai dai ya kamata a sani cewa kaurin sautin Vaughan ya samo asali ne daga tsirkiya masu kauri sosai da duka mai ƙarfi da amfilifaya a buɗe, abin da ba a saya a cikin kwali. Wanda ke kaɗa tsirkiya sirara a ɗakinsa zai iya jin Texas Special ya yi masa kaifi, kuma a irin wannan hali na fi karkata ga Seymour Duncan SSL-1 a wajen wuya da tsakiya, a sa SSL-5 mai ɗan ƙarin ƙarfi a wajen jaki, wato madogarar tsirkiya a jikin jita, inda Stratocaster ta saba yin siririyar murya.

Aibin naɗi ɗaya shi ne ƙugin lantarki, kuma a gidajen haya wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, saɓanin 50 na Sudan da Nijeriya da Nijar, kuma naɗin yana tsintar wannan juyi daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fitilu da cajar waya da kwamfutar da mutane da yawa ke kaɗawa ta cikinta da dare don kada su dami maƙwabta. Idan ginin tsoho ne, wayar da ke kai wuta ƙasa ba ta da kyau, abin sai ya ninka. Mafita ta farko ita ce a tabbatar maɗaukin tsakiya an naɗe shi a juye da maganaɗisu a juye, domin a matsayi na biyu da na huɗu na makunnin zaɓi, inda yake aiki tare da wani maɗaukin, ƙugin yana mutuwa. Ta biyu ita ce maɗaukai marasa ƙugi irin Fender Vintage Noiseless ko jerin DiMarzio Area, waɗanda ke ɓoye naɗi na biyu a ƙasan na farko. Wasu na cewa suna rage ɗan walƙiyar sautin, kuma da gaskiyarsu, amma ga wanda ke zaune taki ɗaya daga kwamfuta ribar ta fi asarar. Ko jitar Eric Clapton da Fender ta fitar a 1988 da maɗaukan Lace Sensor masu ƙarancin ƙugi ta zo.

Mai Les Paul ko SG ko wata jita mai faffaɗan rami yana cikin gidan hambaka, maɗauki mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson, aka nemi rajistarsa a 1955, ya hau Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna soke ƙugin juna, sautin kuma ya fi kauri da daɗewa. Wannan ce muryar da Clapton ya haɗa da amfilifayar Marshall a 1966 tare da John Mayall, kuma tsofaffin hambakan nan ba su da wani ƙarfi na a zo a gani, awonsu kusan kilo-om 8 ne. Kwafinsu na yau sun bambanta ne musamman a maganaɗisun alniko, gamin alminiyom da nikel da kobal. Alniko na 2 yana da taushi, ƙasan sautinsa a sake, shi ke cikin Gibson '57 Classic da Seymour Duncan Pearly Gates, wanda aka kwaikwayo daga Les Paul ta 1959 ta Billy Gibbons, sai dai shi Pearly Gates saman sautinsa na da cizo. Alniko na 5 ya fi tsauri da haske, kamar a Seymour Duncan '59, yayin da The Mule na kamfanin Bare Knuckle na Ingila ke amfani da na 4, wanda ke tsakani. Ƙa'idar da nake bi ita ce a saurari jitar ba tare da an jona ta ba: idan itacenta mai duhun murya ne a ba ta alniko na 5, idan mai haske ce a sassauta ta da na 2.

Akwai kuma batun kaki. Yawancin maɗaukai ana tsoma su a narkakken kaki don naɗin ya daina motsi, amma Seymour Duncan Seth Lover da Burstbucker na asali na Gibson ba a tsoma su, abin da ke ba su buɗaɗɗiyar murya mai rai, tare da haɗarin kururuwa idan an tsaya kusa da amfilifaya mai ƙara. Mai kaɗawa a gida zai more su, mai hawa dandali da ganguna a bayansa ya yi tunani sau biyu.

Na ukun, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne P-90 da Gibson ta fito da shi a 1946: naɗi ɗaya ne mai faɗi, ya fi na Fender kauri, ya fi hambaka kaushi, kuma da shi Leslie West ya yi suna a kan Les Paul Junior. A kunnena babu maɗaukin da ke amsa wa mamurɗin ƙara kamarsa, domin a rage shi kaɗan sai sautin ya wanke. Ƙuginsa ya fi na kowa, amma akwai shi a girman hambaka, irin Seymour Duncan Phat Cat, yadda ba sai an sassaƙe jikin jita ba.

Awon om da ake rubutawa a jikin kwali jagora ne kawai, ba ma'aunin ƙarfi na gaskiya ba, saboda siririyar waya tana ba da lamba babba ko da naɗin bai yi yawa ba. Zafi ma yana taɓa shi, domin juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, wato maɗaukin da aka auna a zafin digiri 40 zai nuna kusan kashi 8 sama da awon digiri 20. Wanda zai sayi na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, ya tafi da mita ya auna, kada ɗan bambanci ya tsorata shi, amma ya duba tsatsa a kan ƙusoshin maganaɗisun, domin danshin Bahar Maliya da gumi suna cin ƙarfe a Jidda fiye da a Riyad.

Lissafin kuɗi kuma a yi shi cikakke. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, harajin kaya kashi 15 ne tun Yulin 2020, saboda haka saiti na dala 200 zai kai riyal 750, ya haura 860 da haraji, kafin kuɗin aikowa da ladan mai haɗa waya da dalma. A ƙara da mamurɗai, domin naɗi ɗaya ya fi dacewa da na kilo-om 250, hambaka kuma da na 500, kuma idan aka bar wanda bai dace ba sabon maɗaukin zai yi duhu ko ya yi kaifi. Mai sa hambaka a jaki irin na Fender ya nemi mai faffaɗar tazara, kusan milimita 53, don ƙusoshin su zauna daidai ƙarƙashin tsirkiya. Idan jimillar ta kusa kuɗin jitar kanta, kamfanoni irin Tonerider suna yin masu alniko a farashi mai rahusa, kuma sauya maɗauki ɗaya, wanda aka fi kaɗawa da shi, ya wadatar a karon farko.

Kafin a biya ko riyal ɗaya, a ɗauki sukurudireba a gwada tsayin maɗaukin da ake da shi, a kan sababbin tsirkiya. A danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, a bar kusan milimita 2.4 a gefen masu kauri da milimita 2 a gefen sirara, kamar yadda Fender ke ba da shawara ga maɗaukanta irin na da, Texas Special kuwa a ƙara nisanta shi zuwa 3.2 da 2.4. Idan maganaɗisu ya matso da yawa yana jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa ya mutu da wuri. A kaɗa mako guda a haka, a rubuta abin da har yanzu ya rage, ko kauri ne ko haske ko shirun ƙugi, sannan a je shago da wannan takarda.